Gawar Shafikul Ba Za Ta Je Arewa Ba

Shekara uku Musbahu Auta, wani mai gadi ɗan Gumel, yana zaune ɗaki ɗaya da Shafikul a masaukin ma'aikatan kamfaninsu da ke bayan kasuwar Abu Hamour, can ƙasar Larabawa. Shafikul direba ne, mutumin Bangladesh, kuma ba shi da hira sai ta garinsu Rahimhat. Da guntun Turanci da guntun Larabci yake zuba labarin: gari ne tsakanin koguna biyu, mota ba ta isa sai an hau kwalekwale. Mutum dubu tara ne, rabin mazan suna ƙasashen Larabawa. Masallacin Juma'arsu sau uku ana matsar da shi tun zamanin Turawa, don kogi na cin gaɓa.

Wata Talata da hantsi, yana cikin wanke mota, zuciyarsa ta tsaya.

Ran Alhamis manajan ma'aikata ya kira Musbahu ofis don ya sa hannu a takarda, shaidar cewa kayan mamaci sun cika kuma adireshin da za a kai gawa daidai ne. Musbahu ya karanta: Rahimhat, yankin Rangpur.

"Yallaɓai, wannan ba garinsu ba ne. Rangpur arewa take. Nasu na kudu, wajen Barisal. Suna ne ya zo ɗaya."

"Abin da ke fayil ke nan," in ji manajan. "Lambar iyalinsa ba ta shiga, wayarsa a kulle. Jirgi ran Lahadi. Yalla, sa hannu."

"Ba zan sa ba."

Manajan ya ɗago kai. "Kai ɗan Afirka ne. Me ka sani game da Bangladesh?"

"Na san a garinsu ba a shiga da mota. Takardar nan ta ce motar asibiti za ta kai shi har ƙofar gida. Gidan wa?"

Ya ajiye biron ya fita. A bakin ƙofa Nababa, shugaban masu gadi, ya riƙo hannunsa.

"Kai Auta, ka rufa wa kanka asiri. Kafil ɗin nan, uban gidan da ya kawo mu ƙasar nan, ba ya son musu."

"Yaya Nababa, in ni ne fa? A kai ni Gombe a ce Gumel ce?"

Washegari bayan an sauko Juma'a ya shiga kasuwar kayan gwari, inda 'yan Bangladesh suka yi yawa, da hoton Shafikul a waya. Rumfa rumfa yake bi, rana na dukan ƙeyarsa, yana tambaya, "Rahimhat? Barisal?" Wasu su girgiza kai, wasu su yi masa dariya. Sai dab da la'asar wani dattijo mai sayar da albasa ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a kan buhu.

Musbahu bai yarda nan take ba. "Baba, masallacinku sau nawa aka matsar da shi?"

Dattijon ya ɗaga yatsu uku, hawaye na bin gemunsa. Nan take ya kira garin. Kukan da ya fito ta wayar ya sa maƙwabtan rumfar suka daina ciniki.

Asabar da safe Musbahu ya koma ofis da dattijon, da wasu mutum shida 'yan Rahimhat cikin kayan aikinsu, da yayan mamacin a kan waya. Manajan ya yage tsohuwar takardar, aka buga sabuwa, Musbahu ya karanta ta layi layi kafin ya sa hannu.

A makon aka ɗauke shi daga gadin ofis mai sanyi, aka tura shi ƙofar wani wurin gini can bayan Ain Khaled, inda ba inuwa sai ta kwantena. Nababa ya ce ya je ya ba da haƙuri ko a dace a mai da shi gadin ofis.

"Haƙurin me?" in ji Musbahu. Ya sayi hular malafa, ya cika gorarsa da ruwa, ya kama aiki.