Bunsurun Suna

Ana jibi suna aka sace wa Nata'ala bunsuru. Haihuwar fari ce matarsa Ulfa ta yi, kuma da ƙyar ya samo dabbar, ya ɗaure ta a bayan gidan wani abokinsa a unguwar Kampung Baru, can ƙasar wajen da suke zama, don benensu ko kaza ba a bari ta hau.

Ɓarawon ma ba shi da wayo. Kukan bunsurun ne ya tona shi. A banɗakin Shafi'u mai tsire, can saman wani bene a unguwar Taman Melati, aka tarar da shi tsaye cikin kashinsa yana tauna labulen wanka. Tir!

Nata'ala ya ce sai 'yan sanda. Alhaji Kalilu, shugaban 'yan Najeriya na unguwar, ya riƙe masa hannu.

"Haba ɗana, a ƙasar mutane? Mu za mu yi maka shari'a."

Aka zauna a mamak, wato shagon shayi irin na can. Dattawa suka sha shayi, suka yagi gurasar roti, Shafi'u na durƙushe yana jan majina. Kowa ya san shi yake kai musu tsire duk Juma'a, amma ba wanda ya ɗago zancen. Hukuncinsa dai ya ba da haƙuri, ya kuwa bayar.

Nata'ala ya haɗiye, ya ce to a ba shi abinsa.

Sai Malam Zahraddeen, na hannun daman Alhaji, ya yi gyaran murya.

"Dabbar da ta bi ta hannun sata, ta kwana a banɗaki, ita za a yanka wa jariri? Akwai shubuha. A yi sadaka da ita."

"Sadaka ga wa, Malam?" in ji Nata'ala.

"Kwamiti zai duba," in ji Alhaji, yana sakace. "Shafi'u, kai ka iya fiɗa. Boleh, ka yarda ko?"

Nata'ala ya miƙe ya bar musu teburin.

Ranar suna aka raɗa wa yaro suna ba yanka, baƙi suka ci shinkafa gaya. Da la'asar sai ga Shafi'u a bakin ƙofa, da ƙunshin tsire yana naso.

"Alhaji ya ce ga rabonka."

Nata'ala ya so ya watsa masa a fuska. Amma ga mai jego a ɗaki, tun safe ba ta ga nama ba. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya ji bakinsa yana cewa, "An gode."