Dodon da Ba a Yi wa Fuska ba

Mijina malamin zane ne, kuma ya yi imani mahaifiyata ta rasu ba ta ƙaunarsa. Hujjarsa ita ce ba ta taɓa yi masa doguwar magana ba. Abin yana cinsa, amma sai ya riƙa yi kamar ko a jikinsa.

Inna ta bar mana dodannin yumɓu da ta gina da hannunta, cike da kantar ɗakinta: kifi mai ƙafafun akuya, tsuntsu mai kai biyu da kawunan ba sa shiri, wani abu mai kunne a ciki. Da aka zo rabon kaya kowa ya kau da kai. Shi ya kwaso su a kwali, wai zai yi nazari.

Teburin cin abincinmu ya koma wurin aiki. Sai ya ɗora dodo, ya miƙa hannu da fensir, ya kanne ido ɗaya yana awo, ya zana gaba, ya zana gefe, ya juya shi ya zana baya. Ya ce ba ka san abu ba sai ka zana shi. Na ce to, mu dai a ƙasa muke cin abinci.

Wata Asabar na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa, na same shi da wani dodo mai ƙaho uku da jelar ɓera. Ya zana bayansa, ya tsura wa takardar ido.

"Zo ki gani. Kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka."

"Na gani."

"Ga tsagin ƙeya. Ga sanƙo."

"Yana nan."

"Ni ne."

"Kai ne," na ce. "Ban da jelar."

Ya ajiye fensir a hankali. Ya ce ai dama ya faɗa, ga shi nan ta mayar da shi dodo. Na ce ta mayar da ni kaza mai haƙora, kuma ni ta haifa. Bai yi dariya ba. Ya juya dodon ya fuskance shi. Gaban sumul yake, ba ido, ba hanci, sai shatin babban yatsanta inda ta shafe.

"Ko fuska ba ta ga na cancanta ba."

Raina ya ɓaci, kuma tausayinsa ya kama ni. Na ja kujera na zauna.

"Maigida, in mun je wurinta, me kake yi?"

"In gaishe ta."

"Daga ina?"

"Daga bakin ƙofa."

"Sai kuma?"

"In jira ki a mota."

"To bayanka ta sani. Ta sha yin fuskar tana shafewa. Ta ce min ba za ta yi maka ta ƙarya ba, sai ranar da ka shigo ka zauna ta kalle ka da kyau."

Ya sake duban gaban dodon. Can ya tambaye ni ko akwai sauran yumɓunta.

Na ce akwai, a bokiti, amma ya bushe.