Juya Mama Tela

"Ke kama can, shi ya kama nan," in ji Mama Tela. "Ku ƙirga tare, kada ku karya ni."

Na riƙe gefen zanin gadon, maigidana ya riƙe ɗaya gefen. Kwana ashirin da uku ke nan ba mu yi wa juna magana ba, tun ranar da cikina ya zube ya ce da na rage zirga-zirgar makaranta da haka ba ta faru ba. Na riga na haɗa akwatina, hutu kawai nake jira in tafi. Ni da nake koyar da 'yan aji shida ba zan durƙusa gaban matar fasto tana karanta mini darasin haƙuri ba.

Bango ɗaya ya raba mu da Mama Tela. Aurenta biyu, duka sun mutu, kuma da bakinta take cewa na biyun harshenta ne ya kashe shi. A coci bencin baya take zama, tun da aka cire ta daga zumuntar mata don ta zagi shugabarsu. Da ciwo ya kwantar da ita, nas ta ce a riƙa juya ta sau huɗu a yini kada bayanta ya yi gyambo. Mutum ɗaya ba ya iyawa. Matan zumunta suka zo, ta ce hannunsu sanyi gare shi, mu biyu kawai take so.

Da farko a zuci kowa ke ƙirgawa. Shi ya ɗaga, ni ban shirya ba, ta yi nishi ta kira mu kurame. Dole ya fara cewa ɗaya, biyu, ni in ce uku.

Ran nan ina shafa mata mai a ƙafa na ce na gane dabararta.

"Wace dabara, 'yar boko? Bayana ne ke ciwo." Ta ɗan huta. "Ban ce ki zauna ba. Ni wa zan koya wa zaman aure? Amma in za ki tafi, faɗa masa abin da ya yi miki tukuna."

A rana ta shida, muna gama juya ta, na faɗa masa, tana kwance a tsakaninmu. Na ce zafin maganarsa ya fi na zubewar cikin. Ban yi kuka ba. Ya zauna a kujerar keken ɗinkinta. Ya ce tsoro ne ya kama shi da ya ga jinin, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, kuma tun ranar kunya ta hana shi kallon idona. Mama Tela, da muka ɗauka barci take, ta ce mu je mu ƙarasa a ɗakinmu, ita ba alƙali ba ce.

Ba a ranar muka shirya ba. Amma mun ci gaba da magana, wani lokaci da faɗa.

Ta rasu ranar Alhamis da hantsi. Mun shiga juya ta, muka tarar ta riga mu. Matan zumunta suka yi mata waƙa har bakin kabari, shugabarsu ce ma ta fi kowa kuka.

An yi ruwa, muka dawo da laka har idon sawu. Maigidana ya zauna a bakin ƙofa, ya ɗauki takalmina yana kankare lakar da tsinke. Na ɗebo ruwa a bokiti, na ce ya matsa, na zauna kusa da shi.