Ɗorin Kafaɗar da Ba Ta Karye Ba

Ɗan'azumi mai ɗori ya warware tsumman ƙarshe, karare suka zube a tabarma, wani wari ya tashi kamar an buɗe tsohon tulu. A'i ta toshe hanci da gefen mayafi. Tun sassafe suka baro Wurno zuwa Gwaram don a kwance wa mijinta Sabo ɗaurin da ya fi wata yana yawo da shi.

"To, ɗaga mu gani," in ji Ɗan'azumi.

Sabo ya cije leɓe ya yunƙura. Hannun dama ya ɗan motsa, ya tsaya cik a gefen haƙarƙari. Kafin ɗaurin nan yana kai loma baki, yanzu ko aljihun ƙirji ba ya taɓowa.

Abin da A'i ta guda ke nan. Da wannan hannun Sabo yake danna garmar shanu, ga hadari ya fara haɗowa kullum da yamma. In hannun bai tashi ba babu huɗa, sai dai ya miƙa shanu da gona ga ƙanensa Usaini, wanda bai taɓa yarda ya riƙe masa ko igiya ba.

Kuma ba rashin sani ne ya kawo su nan ba, tsabar taurin kai ne. Tun ciwon yana ɗanye ta ja shi asibiti a Birnin Kudu. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce ba karaya, ba gocewa, gaɓar ce ke sanƙarewa, maganinta motsi. Ya tura su ɗakin gashin ƙashi wurin wata ma'aikaciya, Na'ima, ta koya masa yadda zai riƙa lilo da hannun yana miƙar da shi safe da yamma. Sabo ya fito yana tsaki.

"Ba allura, ba ƙwaya, wai in yi ta lilo kamar yaro! Kuma sa'ar 'yar cikina ce za ta ce in tuɓe riga?"

'Yan majalisarsa na gindin darbejiya, waɗanda ba mai iya warkar da ko kaza a cikinsu, suka ce ai kafaɗa sai Gwaram. Shi kuwa Ɗan'azumi duk abin da ya shigo zaurensa karaya ne. Ko ciwon haƙori ka kawo masa sai ya nemi kara.

Yanzu ga shi yana latsa kafaɗar yana kaɗa kai irin na manya.

"Ɗori dai ya kama sarai. Wannan kuma ba aikin ƙashi ba ne, akwai hannun mutane a ciki. A sake ɗaurewa, in haɗa maka da hayaƙi."

Sabo har ya fara gyaɗa kai. Nan haƙurin A'i ya ƙare.

"Me ya kama, Malam Ɗan'azumi? Abin da bai karye ba?"

"A'i!" Sabo ya daka mata tsawa.

"Wallahi sai na faɗa. Ka zo da hannu mai ciwo, za ka koma da muciya."

Ta suri rigarsa ta fice. Dole ya biyo ta da singileti, don ba mai sa masa riga sai ita.

Suka hau mota. Da suka sauka Birnin Kudu ta miƙe hanyar asibiti, ya bi ta a baya yana ƙunƙuni. Na'ima ta gane shi. Ta riƙe gwiwar hannun ta ɗaga a hankali, Sabo ya saki ƙara har na kan benci suka leƙo.

"Baba, ɗaure shi aka yi?"

Ya dubi silin.

"Zai saki in sha Allahu," ta ce, "amma za a sha wuya, kuma sai an yi watanni ana zuwa. Da kun riƙe motsin nan tun farko, da sauƙi ya samu. Bana kam ku manta da garma."

Suna isa tasha ruwa ya goce, na farko a shekarar. Ƙanshin ƙasa ya tashi, direbobi da masu talla suna ta hamdala. Suka raɓe a rumfar mai shayi. Sabo ya daɗe yana kallon ruwan.

"In mun isa, ki aika Usaini ya zo ya kwance shanun," ya ce.

Tausayinsa ya kama A'i, duk haushin ya fara narkewa. Har ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, sai ya matso ya rage murya.

"Kuma in mutane sun tambaya, ki ce yarinyar asibitin nan ce ta murɗe min hannun."

A'i ta dube shi daga hula har takalmi, ta gyara mayafinta.

"Faɗa musu da kanka, Malam. Ai bakin ba a ɗaure shi ba."