Karatun Bayan Bango

Gwaggo Tela ta kai ta uku a farillan alwala sai bakinta ya zarce da, "Ke ta bakin taga, tofar da cingam ɗin nan." Babu kowa a bakin taga. 'Yan mata ashirin da biyu suka dubi tagar, suka dube ta, ajin ya kwashe da dariya. Sai aka doki bango daga ɗaya gefen, ƙwas ƙwas.

Ba laifinta ba ne. Shekara tara keken ɗinkinta yana jingine da bangon nan a ɗakinta, Malama kuma tana wannan gefen, a ajin makarantar da ke manne da gidan, tana koyar da 'yan matan unguwa bayan la'asar, don Allah kawai. Gwaggo ba ta taɓa zaman aji ba, ko alif ba ta sani ba, amma karatun ya bi ta bango ya shige mata kai, har da faɗan Malama da tarinta. In surutu ya ishe ta, sandar awo take ɗauka ta doki bango, Malama ta rama da magogin allo. Gaisuwarsu ke nan, duk da ƙofar gidajensu na kallon juna.

Da ciwo ya kwantar da Malama, shugaban makarantar, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan ɗakin don ya tara karyayyun bencina, ya ce ajin da ya yi mako babu malami rufe shi za a yi. Malama ta aika aka kira Gwaggo.

"Ni? Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba?"

"Maƙwabciya, bar wannan zancen. Tun bara na lura ba surutu kike doka wa bango ba, sai an yi kuskure. Rannan da gangan na tsallake sunna guda, saura kaɗan ki rushe mana gini."

Gwaggo ta ji kunya kamar an kama ta da hannu a tukunya. Ta kawo uzurin ɗinkin mutane, ta kawo na gwiwa, duk Malama ta ture. Ƙarshe ma ta kafe sai an riƙa tsallakar da ita titi kowace la'asar, a kwantar da ita a katifar da ke gefen keken, a ba ta sandar awon. 'Yar Malama ta yi magiya har ta gaji. Wanda ya san Malama ya san ba a kayar da ita a gardama, balle yanzu da take da ciwo a matsayin hujja.

Haka aka juya. Duka ɗaya kuskure ne, biyu an saki hanya. Ranar da aka yi uku, Gwaggo ta maimaita hadisi guda sau biyar tana neman inda ta ɓata, zufa na keto mata, sai da ta aika aka dubo. Ashe ruwa Malama take so.

A mako na biyu shugaba ya leƙo da mukulli a hannu. Ya tambayi dalilin da ya sa littafin Gwaggo yake rufe, ta ce ta manta tabarau. Ya karɓa, ya gyara murya zai nuna yadda ake yi, ya karanta layi uku ya tsallake na huɗu. Bango ya ce ƙwas. Ya waiwaya, ya sake, ya sake tsallakewa. Ƙwas. 'Yan mata suka cusa fuska cikin hijabi, kafaɗu na rawa. Shugaba ya ajiye mukullin a kan tebur, ya ce a riƙa kashe fanka in an tashi, ya fita.

Dukan ya riƙa raguwa, har sai Gwaggo ta kasa kunne kafin ta ji. Ta gaya wa kanta ƙwarewa ce ta yi, don ɗaya dalilin ba ta son tuna shi. Ran wata Laraba aka yi karatu daga farko har ƙarshe bango bai ce uffan ba. Ta zagayo gida da saurinta, ta shirya gorin da za ta yi, sai ta tarar da 'yar Malama zaune a bakin ƙofa, takalman maƙwabta sun cika dokin ƙofar ɗakin. Gwaggo ta tsaya da mukulli a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi tsammanin tana da shi ba, a kan matar da ta shekara tara tana ce wa mai surutu.

Ranar da aka koma makaranta ita ta buɗe ajin. Ta buɗe littafin ma, don 'yan matan sun ɗauki alkawarin nuna mata baƙi ɗaya kullum. Ta jero farillan, da ta zo ta biyar sai ta tsallake ta, ta karkata kai wajen bango, daidai inda fenti ya ɓare.

Fanka na juyawa. Can sai wata doguwa a bakin taga ta cire cingam daga bakinta a hankali, ta lanƙwasa yatsa, ta ƙwanƙwasa benci sau ɗaya.