Tsatsar Fil

Ɗakin karatun majalisa yana can bayan ofisoshi a Tambuwal. Taga ɗaya, kabad shida, tebur biyu suna fuskantar juna. Idan kansila yana son sanin abin da aka taɓa zartarwa kan kasuwa ko rijiya ko iyakar gona, nan yake kawo tambaya. Mutawakkil ke nemo amsa. Malam Na'iya, dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ke dubawa.

A ƙasan kowace takardar amsa akwai gurbin sa hannu biyu, na wanda ya nemo da na wanda ya tabbatar. Malam Na'iya da koren biro yake sa nasa. Ba ya sawa sai ya riƙe asalin takarda, ya shafa kusurwoyinta da babban yatsa. Kwafi bai ishe shi ba. Amsar awa ɗaya takan kwana uku a teburinsa.

Ya rasu cikin azumi. Mutawakkil ya kulle biron a aljihun tebur, ya koma sa hannu a gurbin biyu duka, na biyun yana ɗan karkata shi. Ba wanda ya tambaya. Har yabon sauri aka fara yi masa.

Ranar Litinin Honarabul Isah, shugaban kwamitin gona, ya leƙo.

"Malam Mutawakkil, burtalin Tungar Zulfa ya ɓace. Makiyaya suna so a sake kafa musu turaku ran Alhamis. Ta ina majalisa tac ce shi bi?"

Kafin azahar Mutawakkil ya samo kwafin zaman majalisa na 1988. An rubuta shanu su bi ta gabas da tsohuwar rijiya, faɗin taku talatin. Ya rubuta amsa, ya sa hannu sau biyu, ya aika.

Gabas da rijiyar gonar Hadijatu ce. Washegari ta zo da kanta, tsohuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, laka har idon sawu. Ta ƙi zama.

"Kai na mai takardar?"

"Ni na, Inna."

"Gero ya hidda kai. Shi nika ci, ni da jikoki. Tun ina amarya anka maida hanyar nan yamma, maigidana yana wurin."

"Inna, takarda ba ta ce haka ba."

"Takardar ta taɓa zuwa gonar?"

Ta dube shi, ta dubi teburin da ba kowa, ta fita.

Rana ta take. Ba wuta, fanka a tsaye. Mutawakkil ya jawo fayil ɗin don ya sake karantawa, ba don yana shakka ba. Sai ya ga an ja layi ɗaya a kan sa hannunsa na biyu. Kore. A kwafin 1988 kuma, can kusurwar sama ta hagu, akwai ɗigo biyu baƙaƙe da ya ɗauka dattin injin kwafi ne. An zagaye su.

Ya taɓa zagayen. Tawadar ta kama yatsansa.

Makullin ɗakin ɗaya ne, yana aljihunsa. Ya buɗe aljihun tebur. Biron yana nan inda ya bar shi. Ya gwada a tafin hannu, ya sake gwadawa da ƙarfi. A bushe yake.

Ya daɗe zaune. Abin da ya dawo masa shi ne wata rana da Malam Na'iya ya kama yatsansa ya ɗora a kusurwar wata tsohuwar takarda. "Ji nan. Mutanen da, in sunka gyara magana, ba su sake bugawa. Rubutawa suka yi ga guntuwar takarda su soke ta da fil. In ka ga tsatsa, nemi guntuwar."

Asalin takardun wannan yankin ba sa Tambuwal. An kwashe su zuwa Kebbe tuntuni.

Laraba da safe ya hau kabu-kabu. An yi ruwa, hanya ta jiƙe, sau biyu yana sauka su tura mashin ɗin.

Mai kula da takardu a can wata ce Ni'imatu, ba ta fi wata biyu da kama aiki ba. Kafin ya gama sallama ta nuna masa wani fayil a kan benci, an kwance igiyarsa.

"Kai na na Tambuwal? Ga shi nan, tun jiya yake jiranka."

"Wa yac ce ina zuwa?"

"Dattijon ofishinku. Bayan azahar yaz zo. Mai tabarau da anka ɗaure da zare." Ta yi dariya. "Bai ko karanta ba. Shafa takardun kawai shika yi, kamar mai zaɓen atamfa."

Mutawakkil ya ce, "Ya bar saƙo?"

"Yac ce kana da saurin hannu. Ban gane ko yabo na ba."

Littafin baƙi yana buɗe kusa da ƙofa. Layin ƙarshe kore ne. Bai matsa ya karanta sunan ba.

Ya zauna ya buɗe fayil ɗin. Asalin takardar ta yi ja, gefenta yana marmashewa. Ya sa babban yatsa a kusurwa. Huji biyu, tsatsa ta kewaye su. Ya bi fayil ɗin shafi-shafi, ba guntuwa. Ya juya shi ya karkaɗe. Daga cikin ninkin bango wata 'yar takarda ta faɗo, rubutun hannu, da hatimi. Daga zaman majalisa na watan gaba ce. An mayar da burtali yamma da rijiya, kan fako, saboda gabas gonaki ne.

Ya ɗora hujin guntuwar a kan hujin babbar, ya ɗaga su wajen taga. Haske ya ratsa duka biyun.

Nan ya rubuta sabuwar amsa. Ya sa hannu a gurbin farko, ya tura wa Ni'imatu.

"Karanta asalin da kanki. In ya yi daidai ki sa hannu."

"Ba ka yarda da idonka ba?"

"Ban yarda ba."

Ruwa ya hana shi komawa ranar. Alhamis da hantsi ya isa Tungar Zulfa. An riga an kafa turaku uku cikin geron, an tattake kunya biyu. Hadijatu tana tsaye bakin gona, hannu a baya, ba ta kuka. Honarabul Isah ya karɓi takardar ya karanta, ya sake karantawa.

"Ta Litinin fa? Hannu biyu nig gani a kanta. Wa yat tabbatar?"

"Ni, ranka shi daɗe."

"Wa yan nemo?"

"Ni."

Honarabul ya dube shi har ma'aikatan suka daina buga turke. "Ka same ni ofis gobe." Ya juya. "Ku tuge su. Yamma."

Ardon makiyaya ya ce fakon ma ya fi musu, shanu ba sa nutsewa. Hadijatu ta duƙa tana ta da geron da aka kwantar, kara ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kalli Mutawakkil ba, sai dai ta ce, "Ashe takardar ta zo gonar."

Bayan la'asar ya koma ɗakin karatu. Ƙofa a kulle kamar yadda ya bar ta. Ya buɗe.

Duk amsoshin da ya aika tun azumi suna kan teburinsa, an jera su, tsohuwa a sama. An buɗe ta farko. Akwai koren zagaye a shafi na biyu.

Kujerar ɗaya teburin an ɗan ja ta baya.

Mutawakkil ya cire hula, ya ajiye. Ya ce, "Sannu da aiki, Malam." Ya jawo ta farkon.