Ba Da Masu Irin Ciwon Mama Aka Gwada Ba

Baba ya shigo kantin maganin da nake aiki a ciki, da takardu a hammata, baki har kunne. Rabon da in ga haƙoransa tun ranar da ciwon mantuwa ya sa Mama ta daina gane shi. Wani ne ya turo masa rahoton bincike ta waya, shi kuma da yake tsohon malamin lissafi ne, ya je aka buga masa, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar ƙarshe: sabon maganin ya taimaki masu ciwon mantuwa.

"Auta, karanta nan. Ki samo mana shi."

Baba ke nan. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ranƙwashin ɗalibai in sun rubuta amsa ba su nuna yadda suka samo ta ba, yau ga shi ya tsallake shafuka ya cafke wutsiya.

Na jawo masa kujera. Na ce, "Baba, ba daga ƙarshe ake farawa ba. Bari mu ga su wa aka gwada wa."

Na bi shafin da yatsa. An raba marasa lafiyar gida biyu, rabi aka ba su maganin, rabi ƙwayar da ba komai a cikinta. Nan kam sun yi daidai. Sai dai duk masu sabon ciwo ne, irin masu manta inda suka ajiye makulli. Waɗanda nasu ya yi nisa kamar na Mama, tun farko ba a ɗauke su ba.

"To taimakon da suka ce fa?"

"Gwaji ake musu, su zana agogo, su maimaita kalmomi. Masu shan maganin ma mantuwar ta ci gaba, sai dai ba ta yi saurin ta sauran ba."

Ya cire tabarau ya riƙe. "Ba a tambaye su ko sun gane mazajensu ba?"

"Ba a tambaya ba, Baba."

Wallahi na so in yi masa ƙarya. Ni ma kewar Mama nake yi, har faɗanta na safe nake kewa.

Da na tashi aiki muka tafi gida tare. Mama na falo tana ninke ɗankwali tana warwarewa. Tana ganinsa ta jawo mayafi ta rufe kai.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Maigidan ya fita, amma ba ya daɗewa."

Baba ya cire takalmi, ya zauna a kujerar baƙi.

"Ba komai, baiwar Allah. Zan jira shi."